Dila da 'Yar Akuyar Inna

Yaya Rabi, yau bayan na idar da sallar asuba na koma na kishingiɗa, sai na yi wani mafarki da har yanzu ya hana ni sakat. Ke ce mai gane kan irin waɗannan abubuwa, shi ya sa na ce bari in rubuto miki tun ban manta wani wuri ba.

Kin dai san yadda muke fama da dila. Cikin 'ya'ya ukun da Kyalla ta haifa, akuyar nan da marigayiya Inna ta bar mini, ya ɗauke biyu, saura 'yar macen kaɗai. Shekaranjiya maigidana ya kira Baba Tanko maharbi. Shi kuma ya ce dila ba bin sa ake yi ba, kiran sa ake yi. A raba 'yar akuyar da uwarta tun safe kada ta sha nono, in yamma ta yi a ɗaure ta a bakin rafi ta yi ta kuka, shi kuma ya laɓe da bindiga. Wai babu abin da zai same ta. Na ce to, amma wallahi bakina ne kawai ya faɗa. Yau ce kuma ranar.

To, a mafarkin sai na gan ni na goya 'yar akuyar da zani kamar jaririya, ina bin Baba Tanko a baya. Rana tsaka ce, amma babu zafi. Hanyar rafi muka kama, sai kawai ta ɓulle da mu tsohon gidanmu. Babu katanga, babu ɗakuna, sai turmin Inna a tsaye a tsakiyar yashi. A jikinsa ya ce in ɗaure ta. Na ɗaure, ko mamaki ban yi ba.

Ya ciro toka daga aljihu ya watsa sama, don ya ga inda iska ta nufa kada ta kai wa dila warinmu. Sai kawai tokar ta tsaya cak, ta ƙi faɗowa. Ya daɗe yana kallon ta. Na ce, "Baba, to ina za mu zauna?" Ya wuce bayan wata sabara ya durƙusa, ni ma na bi shi.

Muka yi ta jira, 'yar akuya ta ƙi kuka. Kwanciya ma ta yi, ta miƙe ƙafa, cikin nan dam, tana sharar barcinta. Baba Tanko ya waiwayo ya ce, "Ladi, kin ba ta nono." Sai na tuna lallai kafin mu fito na saci jiki na kai ta wajen uwarta ta sha ta ƙoshi, don na kasa jure kukan. Kunya ta kama ni kamar in nutse.

Sai kawai ga dilan. Ba ta gabanmu ya ɓullo ba, a gefena na gan shi zaune, har ina jin numfashinsa. Abin da ya ba ni mamaki ƙanƙantarsa, Yaya. Duk ɓarnar nan, ashe bai kai karen maƙwabtanmu ba, ga rama, ga kunne guda a yage. Ban ji tsoro ba, so nake kawai in ƙare masa kallo. Shi kuwa ko kallon 'yar akuyar bai yi ba, wajen gari ya karkata kunne.

A nan na jiyo kukan Kyalla daga gida, tana neman 'yarta. Dila ya miƙe ya kama hanyar gidanmu a hankali kamar wanda aka aika. Sai na tuna ban rufe ɗakin awaki ba. Na san dila ba ya iya babbar akuya, amma a mafarkin na tabbata wajenta za shi. Na ce, "Baba, harbe shi mana!" Na juya, babu Baba, sai bindigar a hannuna, ita ma ta koma muciya.

Na ruga wajen turmi in kwance 'yar in bi shi. Igiya ta ƙi kwantuwa, in na warware ƙulli ɗaya sai in tarar da wani. Dila kuma yana ta yin nisa. Sai wata murya ta fito daga cikin turmin, irin ta Inna in tana magana da tsinken sakace a baki, ta ce, "Wacce za ki ɗauka?"

A nan na farka.

Ashe kukan na gaske ne. Ina barci maigidan ya riga ya raba su, ya ɗaure 'yar a madafi. Yanzu haka uwa na kuka ta can, 'ya na amsawa ta nan, sau biyu ke nan ina zuwa in taɓa igiyar in dawo. Baba Tanko zai zo bayan la'asar. Don Allah Yaya, me kika gani a mafarkin nan? Gargaɗi ake mini kada tausayi ya sa in ɓata aikin in rasa duka, ko kuwa Inna ce take cewa kada in miƙa 'yar?