Noti Takwas na Tagulla

Ƙarfe bakwai na safiyar Talatar nan ya fito da kofin shayi a hannu, ya tsaya gaban tsohuwar motar mahaifinsa, wadda ta shekara goma sha ɗaya a rumfar gida ba ta motsa ba. Shekarunsa ashirin da tara. Bakanike ne, sana'ar da mahaifin, malamin lissafi mai ritaya, ya daɗe bai haɗiye ba. Shi ya sa yake kiransa Injiniya, rabi wasa rabi gori.

Wata huɗu ya yi yana farfaɗo da injin. Abin da ya rage shi ne ɗaura ƙarfen nan mai baki huɗu da ke kwashe hayaƙi daga inji ya miƙa wa salansa. Noti takwas ke riƙe shi, tsatsa kuwa ta cinye na asali.

Ƙarfe takwas ya tafi garejin maigidansa. Sha biyu ya bugo waya daga kasuwar tsofaffin ƙarafa.

"Baba, na samu shida. Biyu sun ɓuya."

"Injiniya, noti ai noti ne. Ga su buhu-buhu a shago."

"Na tagulla nake nema. Kai dai, Baba, riƙe allinka."

Ƙarfe huɗu ya dawo, ya jiƙa shidan a kananzir cikin gwangwanin madara. Biyar da rabi mahaifiyarsa ta fatattake shi don ya goge baƙin mai da tawul ɗinta. Ƙarfe shida ya ce kansa na sarawa, ya kwanta. Washegari aka kai shi asibiti. Ranar Juma'a ya rasu.

Da aka yi sati uku, mahaifin ya ɗaga murfin injin. Bai taɓa tsayawa ya kalli aikin ɗansa ba ko na minti goma, yanzu kuwa so yake ya ƙarasa shi da hannunsa, kuma daidai. Ya sayo noti biyu na baƙin ƙarfe, ya ɗaure takwas ɗin daga hagu zuwa dama, ɗaya, biyu, uku, kamar mai bin takardun jarrabawa.

Yana gamawa sai ga mai garejin ya kawo akwatin kayan aikin mamacin. Ya leƙa injin, ya daɗe bai ɗago ba.

"Malam, wa ya ɗaura wannan?"

"Ni ne."

"To, ka yi haƙuri, kwancewa za mu yi. Daga tsakiya ake fara ɗauri a fito waje, in ba haka ba ƙarfen zai karkace ya riƙa hura hayaƙi. Waɗannan biyun kuma, in suka sha wuta suka yi tsatsa, sai su kama ƙam. Mai kwancewa sai ya karya ƙusar da notin ke kai a cikin inji. Tagulla ba ta yin haka. Yaron nan ba don kansa ya sha rana ba, don wanda zai kwance bayan shekara ashirin ne."

Mahaifin ya nufi kasuwar tsofaffin ƙarafa. Kwana tara yana zuwa kasuwar, yana tsugune yana tona durom bayan durom, har 'yan kasuwa suka fara ce masa Baba Tagulla. A rana ta tara ya same su a jikin wani mataccen inji.

Shi ya ɗaure, mai garejin na nuna masa da yatsa. Injin ya yi tari sau biyu, ya kama. Mai garejin ya bi bakin ƙarfen da tafin hannu, bai ji iska na fita ba. Ya ce in injin ya yi zafi ya huce, a ƙara matse su, har sau uku.

Tufafin mamacin an raba wa 'ya'yan baffanninsa. Wayarsa tana hannun ƙanwarsa. Rigar aikin, mahaifiyar ta hana a wanke. Akwatin kayan aiki mahaifin ya mayar wa mai garejin, bayan ya cire sifana mai lamba goma sha uku, domin ya yi matsi ɗaya, saura biyu.