Motar da Baba Da-Sanyi Ya Ƙi Kwancewa

Kafin masu shagunan layin su gama laluben makullansu, Baba Da-Sanyi ya riga ya buɗe garejinsa. Ba sifana yake fara ɗauka ba. Goya hannu yake yi a baya, ya bi motocin da suka kwana a wurin, yana leƙa ƙarƙashin kowace ya ga abin da ta ɗigar. Daga nan ya ta da su ɗaya bayan ɗaya, ya koma ta baya ya kasa kunne, yana shaƙar hayaƙin salansa kamar mai zaɓen turare. Sai ya gama wannan zagaye yake yarda a kawo masa shayi.

Sunan ma daga bakinsa ya fito. Duk wanda ya zo da rana tsaka yana kukan motarsa tana fizga, amsar ɗaya ce: "Bar ta ta kwana, in ji ta da sanyi." A wurinsa inji mai zafi maƙaryaci ne, ya iya ɓoye ciwo.

To, wannan bawan Allah ne zai ajiye aiki a ƙarshen watan nan, ya miƙa wa ƙanensa garejin, don gwiwoyi sun ce durƙuson ya isa haka. Tun da maganar ta fita layin namu ya kaure da labarai. Mai faci yana da nasa, direbobin tasi suna da nasu, kowa yana katse ɗan'uwansa. Amma duk inda hira ta zaga, a kan motar Anti Direba take sauka, kuma ni ban taɓa gajiya da jin ta ba.

Anti Direba ita ce mai kai yaran unguwa makaranta. Duk abin da ta mallaka ta tattara ta sayi sabuwar ƙaramar bas daga kamfani, da ita take riƙe 'ya'yanta da tsohuwarta. Motar ta zo da garanti, wato alkawarin kamfani cewa in inji ya sami matsala su za su gyara kyauta, muddin motar ba ta wuce iyakar tafiyar da suka yanka ba, kuma muddin wani bakanike na waje bai kwance ta ba.

Ana cikin haka motar ta tsiri wani hali. Da safe in an ta da ita sai ta kama rawa, inji yana tsallake bugu, madubi yana kakkarwa. Yara su yi ta dariya suna cewa, "Anti, motarki sanyi take ji." Can an jima sai ta daidaita kamar ba ita ba. Ta kai kamfani, aka canja fulogi. Ta koma, aka canja kwayil ɗin da ke ba fulogi wuta. Har kwana ta bar ta a can, aka ce ba a ga komai ba. Ga lambar tafiya kullum tana hawa, kowane zuwa makaranta yana cin ɗan abin da ya rage na garantin. In ya ƙare kafin a gano cutar, ba ta da ƙarfin gyaran inji. Motar za ta tsaya, abincin gidan ya tsaya tare da ita.

Da ta kawo wa Baba, ko bonet ɗin ita ya sa ta buɗe. Ya ja layi da alli a jikin robar ruwa, daidai inda ruwan ya tsaya, ya ce ta tafi gida. Washegari ruwan ya sauka ƙasa da layin, ƙasa kuwa a bushe. Aka ta da mota, farin hayaƙi ya fito mai wani ƙamshi zaƙi-zaƙi.

"'Yata, ruwa ne yake tsattsafowa cikin silinda in ta kwana," in ji shi. "Da safe fulogi ya jiƙe ya ƙi wuta. In ta ƙone ruwan ta yi zafi, sai ta yi miki fuskar salihai. In aka bar ta haka, injin zai buga."

"To kwance ta mana, Baba."

"Ba zan taɓa ta ba."

"Haba Baba. Kai ka gano cutar, kai kake da maganin."

"In na ɗora sifana a kan wannan injin, kin yi sallama da garanti. Kada garin neman gira a rasa ido. Su suka sayar miki, su za su gyara."

Ta yi roƙo, ta yi fushi, ta ce ai dama an gaya mata tsohon nan taurin kai gare shi. Ta ja motarta tana share hawaye. Ƙanensa ya bi ta da kallo, ya juyo ya ce, "Yaya, aiki ya kawo kansa har gida, ka kore shi? Ga gareji fayau." Gaskiya ne kuwa, lokacin kasuwa ta yi musu sanyi. Baba ya ce, "Ɗauko min hulata."

Ya same ta a kamfanin. Injiniyan wurin mutum ne mai ladabi, ya ba shi kujera, ya saurare shi har ƙarshe. Ya ce, "Baba, maganarka ta shiga kunnena. Amma kwance inji babban aiki ne, ba za a amince min ba sai na gani da idona. Ta kwana a nan, da hannuna na ta da ita, lafiya lau."

Wannan magana ta tsaya wa Baba a rai. Mutumin bai yi kama da maƙaryaci ba, to ko shi ne kunnensa ya fara tsufa? Ranar ko abincin kirki bai ci ba, har maiɗakinsa ta ce, "Wai motar nan taka ce, ko an yi maka alkawarin gadonta?" Ya lallashi Anti Direba ta sake barin motar ta kwana a can, ita kuma ta yarda ba don ranta ya so ba, don iyayen yara sun fara neman wani direban.

Da gari ya waye, a karon farko da muka sani, garejin Baba yana kulle. Yana can ƙofar kamfani tun kafin ma'aikata su iso. Ya gaisa da maigadi, ya roƙi a bar shi ya leƙa motar 'yarsa. Ya ɗora bayan hannunsa a kan bonet. Da ɗumi.

"Malam, wa ya ta da wannan?"

Maigadi ya gyara tsayuwa, yana murmushin wanda ya san aikinsa. "Ni ne mana. Kullum nakan ɗumama su in jera su wurin wanki, don injiniya ya zo ya tarar da su a shirye. Wannan ma tari gare ta, sai na taka mata totur sosai take sakin jiki."

Baba ya yi dariya har sai da ya zauna a kan bencin maigadi. Ashe alheri ne yake ta share sawun cutar. Bai ɗaga murya ba, bai ce zai kai ƙara ba. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗan'uwa, kai ne babban shaidata. Gobe ka taimake ni, ka bar wannan ta yi barcinta."

Zo ka ga washegari. Ga injiniya, ga maigadi, ga Baba ya goya hannu a baya, ga Anti Direba a kujerar tuƙi. Ta murɗa makulli. Inji ya tashi sumul, gabanta ya faɗi. Sai ga fizga ɗaya, ga ta biyu, sai motar ta ɗauki rawarta gaba ɗaya, madubi yana kaɗawa, farin hayaƙi ya turnuƙe filin. Tunda nake ban taɓa jin wanda ya yi murnar lalacewar motarsa ba sai ita. Ta diro tana tafi, tana dariya tana kuka. Injiniya ya tsuguna a bayan salansa, ya shaƙa, ya miƙe ya ce, "Gani ya kori ji. A shigo da ita." Da suka kwance, sai ga tsaga siririya a kan injin, tun daga ƙera shi. Suka sa mata sabo, ba ta biya komai ba, garantin kuwa saura ƙiris ya cika.

Kai ne, Baba, wanda aiki ya zo masa lokacin da yake buƙatarsa, ya soke hannu a aljihu. Kai ne ka rufe garejinka ka je ka tsaya a ƙofar wasu don motar da ba za ta sa ka sami ko sabulun wanke hannu ba. Ka sha zagin taurin kai ka haɗiye. Gwanin kunne, mai jiran safiya. Injinan da ka kwance ka ɗaura a layin nan ba su ƙirguwa, amma motar da ta fi yi maka suna ko ƙusa ɗaya ba ka taɓa sassauta mata ba.

Ku kuma masu tasowa a sana'a, kowace iri ce, ku duba ku gani. Iya kwancewa ana koyonsa a shekara biyu. Sanin ranar da za ka bar abu a ɗaure, ka nuna wa mutum hanyar da ta fi masa ko da ba ta bi ta aljihunka ba, shi ne abin da za ku roƙi tsohon nan ya bar muku kafin ya tafi.

Mun gode, Baba Da-Sanyi. Allah ya ba gwiwoyin nan hutu, ya saka maka da alheri, ya sa ƙanenka ya riƙe wurin yadda ka riƙe shi.

Shekaranjiya Anti Direba ta tsaya a bakin garejin, bas cike da yara, sabbin fuskoki da yawa. Aka gaya mata Baba zai tafi. Ta kashe mota, ta leƙo ta taga. Ta ce, "Masu kwance mota sun cika gari. Wa zai ƙara ce min a'a?"