Baƙuwar da Noelene Trethewey Ta Kasa Kora

Noelene Trethewey ta yi aikin gidan waya a Tullabin tun tana budurwa har kanta ya yi fari, kuma ba a taɓa jin ta gaya wa wani maganar da za ta hana shi barci ba. A gonar alkama aka haife ta. Ta auri Col, mai gyaran injin girbi, ta haifa masa 'ya'ya biyu da suka tafi birni, ta yi jinyarsa, ta binne shi. In an yi rasuwa a gari, kek ɗinta ne ke fara isa gidan makoki. Da a coci za a ba da tarihinta, iyakar abin da za a faɗa ke nan, ita ma da ta yarda, in ban da maganar doki.

Tana 'yar shekara tara ta zana dokin babanta a aji. Bosun sunansa, tsohon dokin jan keken kaya, bayansa ya lotsa kamar tsohuwar katifa, kunne ɗaya a langaɓe. Malama Ruddock ta ɗaga takardar sama, ta tambayi 'yan aji ko akwai wanda ya san sunan wannan dabba. Aka yi dariya. Sannan ta sa jan fensirinta ta miƙar da bayan, ta tayar da kunnen, ta mayar wa yarinya takardarta. Daga ranar Noelene ba ta sake zana ko da fure a bayan ambulan ba.

Bayan ta bar aiki sai ciwon gaɓoɓi ya kama yatsunta. Likita ya ce ta yi ɗinkin da za ta yi tun yanzu, don hannun ba zai daɗe yana jin magana ba. Ba ɗinki ne ya faɗo mata a rai ba. So take ta zana Bosun yadda yake, da hannunta, a rataya shi a baje kolin gari na shekara, kafin yatsun su rufe.

A shagon gwanjo na coci ta samu littafin. A bangonsa akwai wani mutum mai fararen haƙora, wanda ya tabbatar da cewa kowa da baiwarsa aka haife shi, wani abu ne kawai ya toshe ta. Noelene ta bi darussan yadda ta bi dokokin gidan waya. Ta yi zane da hannun hagu. Ta zana butar shayi ba tare da ta kalli takarda ba. Ta yi tafiya ba takalmi a kan ciyawa, ta yini tana cire ƙaya, domin marubucin bai san ciyawar Tullabin ba.

Sai ta kai babin muryar nan da ke cikin kan mutum tana cewa ba ka iya ba. Littafin ya ce a ba ta suna, a ajiye mata kujera, a saurare ta har ta gama, a gode mata. Daga nan a ce ta fita daga gidan, a buɗe ƙofa, a rufe a bayanta. Marubucin ya kawo sunayen barkwanci da za a iya zaɓa. Noelene ba ta saba yi wa mutane laƙabi ba, kuma ta san sunan muryar sarai, duk da mai sunan ta daɗe a maƙabartar bayan coci.

Ajiye wa mutum kujera ba shayi kuwa ba tarbiyya ba ce. Da la'asar ta fito da kofunan baƙi, ta yanka kek, ta ja kujerar da ke kusa da taga.

"Ki zauna, Malama," ta ce.

Ta saurara. Ba ta ji komai ba sai gurnanin firji da ƙudaje a jikin taga. Ta yi godiya kamar yadda aka ce. Ta miƙe don ta cika sauran umarnin littafin, ta buɗe baki, maganar ta ƙi fita. A Tullabin ba a cewa baƙo ya tashi. Baƙo ne ke dafa gwiwoyinsa ya ce "to," sannan mai gida ya ce haba, tun yanzu. Noelene ta jira. Ba wanda ya dafa gwiwa. Ta rufe littafin, ta ce sai gobe.

Da ta zo kwashe kaya ta tarar shayin kofi na biyu ya koma rabi. Ta ɗora laifin a kan zafi. Ranar da ke ƙafar da tafki a garin nan ba kofi ne zai gagare ta ba.

Washegari ta zana doki, ta bar shi a kan tebur ta shiga kicin. Da ta dawo akwai jan layi siriri daga wuya zuwa gindin wutsiya, miƙaƙƙe sambal. Babu jan fensir a gidan. Ɗakin yana ɗan warin alli da kafur. Matashin kujerar taga ya lotsa, kuma ƙudaje, waɗanda ba sa jin kunyar kowa, sun daina sauka a wannan gefen tebur.

Abin da ya fi damunta shi ne gyaran daidai yake. Ƙafar da aka ja wa layi lallai ta yi gajarta. Wuyan lallai ya karkace. Ta riƙa zanawa, ana gyarawa, tana zuba shayi biyu kullum la'asar, don tun da an fara ba a fasawa. Dokin ya yi ta kyau.

Glenys Dowie, maƙwabciyarta, ita ke kula da sashen zane a baje koli. Ta shigo wata rana, ta nufi kujerar taga, har ta rusuna za ta zauna sai ta miƙe ta ce "yi haƙuri," ta koma wata kujerar. Ba ta ma lura ta yi hakan ba. Idonta na kan zanen.

"Ke Noelene, ashe haka kike, kika bar mu shekara da shekaru muna rataya zanen furannin Merle masu kama da kabeji? Dokin wane ne wannan?"

"Bosun ne."

"Bosun na babanki? Rufa mini asiri. Wannan ai dokin kalanda ne. Bosun kamar giwa ta zauna masa a tsakiya."

Noelene ta rage murya ta gaya mata komai, don ba a maganar baƙo da ƙarfi yana zaune. Glenys ta kalli kujerar, ta kalli kofin, ta ajiye kek ɗin da ta ɗauka. Ta ce to a kore ta mana. Noelene ta tambaye ta ko ita ta taɓa korar baƙo. Glenys ta amsa cewa ƙanin mijinta ya taɓa zuwa Kirsimeti bai tafi ba sai lokacin askin tumaki, kuma ko a lokacin ba korarsa ta yi ba.

"Lemun tsami na cika masa a leda, na raka shi mota. Duk wanda aka ba tsaraba ya san an sallame shi."

Noelene ba ta yi komai a kai ba sai ranar da ta dawo daga kicin ta tarar babu jan layi ko ɗaya. Ta duba da kyau. Bayan dokin a miƙe, kunnuwa biyu a tsaye, kuma da hannunta ta yi su haka, ba wanda ya ce ta yi. Ta rufe ido tana neman yadda bayan Bosun yake, ta kasa gani. Daga kujerar taga ta ji irin shirun da aji kan yi idan an ba da amsa daidai. Ta kalli yatsunta, sun kumbura, kuma baje koli ya matso.

Ta kwashe kofunan tun shayin bai huce ba, ta wanke su da ɗan ƙara. Ta ɗauko gwangwanin biskit na mahaifiyarta, ta jera kek a ciki. Ta naɗe zanen dawakan kalandar duka, ta ɗaure da zare.

"Kada in tsare ki, Malama," ta ce. "Na san kina da abin yi. Ga wannan, ki tafi da shi."

Na ɗan lokaci ba abin da ya motsa. Sai matashin kujera ya taso a hankali.

Ta riƙe ƙofa a buɗe har ta tabbata an wuce. Ta taka zuwa bakin shinge sannu-sannu, tana maganar ƙarancin ruwan sama da halin da alkama ke ciki, ta tsaya a can ta ƙara wata hirar, kamar yadda ake yi. Ta ɗora kayan a kan ginshiƙin ƙofa, ta ɗaga hannu. Glenys, daga tsallaken hanya, ta ga ana ɗaga wa titin da ba kowa hannu, ita ma ta ɗaga nata saboda ladabi. Da Noelene ta waiwaya daga baranda, babu komai a kan ginshiƙin.

A cikin makon ta zana Bosun. Ƙafa ɗaya ta yi gajarta, wuyan ya karkace, fenti ya zuba a gefe inda yatsa ya ƙi lanƙwasa. Glenys ta rataya shi tsakanin furannin Merle da wani zanen faɗuwar rana a kan rumbunan alkama. Alƙalan gasa suka wuce shi ba su tsaya ba. Amma tsoho Lenny Voss, wanda da ƙyar yake gane jikokinsa, ya tsaya a gabansa ya daɗe.

"Bosun," ya ce. "Ɗan banza, ya taɓa cizona a kafaɗa."

Noelene ta koma gida a ƙafa, ba ta ji zafin rana ba. A baranda, daidai bakin ƙofa, ga gwangwanin mahaifiyarta, a wanke, murfi a rufe.

A nan ta tuna abin da Glenys ta faɗa: a leda ta ba da tata tsarabar, ita kuwa leda ba a mayar da ita. A Tullabin ba a riƙe gwangwanin wani, ba a kuma mayar da shi wayam. Wanda ya dawo da shi kuwa, ana cewa ya shigo ya sha shayi. Ta ɗan ɗaga shi. Yana da nauyi, wasu abubuwa sirara kamar fensir suka gangara a ciki suka bugi gefe. Warin alli ya cika barandar. Ta ajiye shi inda ta same shi. Tana jin ana jira, kuma maganar "ki shigo" tana nan a kan harshenta, shekara sittin da sabo.

Ta haɗiye ta. Ta sauka daga baranda, ta zagaya ta bayan gida.

Tun daga ranar ta ƙofar baya take shiga. A kicin take zane, da burushi ɗaure a yatsa idan ciwon ya tashi: tumaki, karen Glenys, Col da manyan kunnuwansa. Babu wanda ya fito daidai. Littafin ta mayar shagon coci, an kuma ce wani ya saya. Gwangwanin yana nan. Ruwa ya sauka a kansa bai yi tsatsa ba, ƙudaje ba sa kusantarsa. Mutanen gari sun ce Noelene ta ɗan canza, ta yi taurin kai. Glenys ma ta baya take zuwa yanzu, amma in ta gifta ta gefen baranda takan rage sauri, ta ce sannu da hutawa.