Maknasata da irin riɗin Abban Hiba

Jama'a, yau na ga gona a inda ba a noma.

Kun san maknasata ta lantarki, injin sharar nan mai zuƙe ƙura, mai tulu da dogon tiyo, wadda na rungumo daga garin Madani lokacin gudun hijira, na bar kayan ɗakina kaf. Kwanan nan sai gurnani take, ba ta jan ƙura. Maigidana, Abban Hiba, ya dage a yar da ita a sayi sabuwa. Na ce wallahi sai an gyara.

Na kinkime ta zuwa kasuwa. Usta mai gyara ya buɗe tulun, ya leƙa, ya ce, "Hajja, zo ki gani."

Riɗi ne ya tsiro a ciki, fari fat!

Na kira Abban Hiba a waya. Ashe irin shukarsa ne ya zube a mota, ya zuƙe da ita. Da rufin ɗaki ya yi yoyo, ya zuƙe ruwan ma da ita. Shi ya sa yake ta cewa a yar.

Usta ya ce injin ya sha ruwa, ba gyara.

Kun san abin da mutumin nan ya ce? "Alhamdu lillahi, ashe irin mai kyau ne."

Na ce, "To zo ka girbe, ka sayo mini sabuwa."