Haƙorin da Nake Gwada Mazarƙwaila

Tun ina da ƙarfina nake dafa mazarƙwaila a fadamar Maska. Wasu na saran rake, wasu na matse shi a inji, wasu na iza wuta. Ni wurina bakin kasko, ni ke cewa a sauke. Idan ruwan raken ya yi kauri sai in ɗiga kaɗan cikin ruwan sanyi, in dunƙule, in kai matauni in ciza. In ya kama haƙori ya saki, ya yi. In ya liƙe, da saura. In ya fashe kamar tsakuwa, an zarce, kaskon ya tashi a banza.

Ban taɓa wasa da asuwaki ba. Kullum da asuba nakan karyo reshen bedi, wato darbejiya, in tauna, in goge baki kafin salla. Haka na ga babana yana yi. Mu a wurinmu da safe ake wanke baki, don za ka tsaya gaban Ubangiji, za ka gaisa da mutane. Kaskon ƙarshe yakan sauka bayan la'asar. In koma gida, in ci tuwo, in jefa guntun mazarƙwaila a kunci ina tsotsa har barci ya ɗauke ni.

Haƙoran suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya. Na ce tsufa ne. Har aka wayi gari matauni biyu kaɗai suka rage masu haɗuwa, na sama da na ƙasa, a gefen dama. Da su nake aiki.

Ana tsakiyar aikin rake na ƙasan ya fara ciwo. Na cusa masa kanumfari, na kuskure baki da ruwan gishiri. Kunci ya kumbura.

Mai ɗakina ta dube ni ta ce, "Malam, ƙwallon mangwaro ka ɓoye mana a baki?"

"Zai sace."

"Yau kwana huɗu yana sacewa. Ko koko ka kasa sha."

Na hau babur zuwa asibiti a Funtuwa. Likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar 'yata ta biyu ba. Ta haska bakin, ta daɗe tana dubawa.

"Baba, yaushe kake goge baki?"

"Da asuba. Ban taɓa fashi ba."

"Kafin ka kwanta fa?"

"Da wa zan gaisa cikin barci?"

Ta yi dariya kaɗan, ta ce, "Ai na kwanciyar ya fi na safen. In mutum ya yi barci yawu na ja baya, zaƙin ya kwana yana cin haƙori. Kafin asuba ya gama aikinsa."

Na ce ba wanda ya taɓa gaya mini. Ta ce yanzu dai sai an cire.

"'Yata, ki bar mini shi har rake ya ƙare. Wata guda. Da shi nake gane kasko."

"Ba zai kai ba, Baba. Ruɓar ta sauka ƙasa. In ta isa wuya, ba zancen haƙori za mu yi ba."

Ta jira ni. Daga baya na buɗe baki.

Da ramin ya warke na koma fadama. Na dunƙule gwaji na kai gefen dama, na saman ya sauka bai tarar da komai ba. Na gwada da na gaba, ba su san aikin ba. Na murza da yatsu na ce a sauke. Ya ƙi daskarewa a kwanoni. Washegari na bar shi ya ƙara jimawa, ya ƙone.

Alhaji mai injin ya ja ni gefe. "Malam, ka huta da kaskon nan haka. Ka riƙa duba mana wuta."

Ban yi gardama ba. Kasko biyu na ɓata masa.

Yanzu ina goge sauran kafin in kwanta, su bakwai ne. Da rana ina tsugune ina tura ɓawon rake a murhu. Wani ne ke cizawa, haƙoransa cike da baki. Wani lokaci ƙamshi kan gaya mini da saura, sai in ji ya ce a sauke. In janye wutar.