Uwaisu Mai Auna Sanyi

A Dorayi an ce wai Uwaisu, taubashina, aljani ke masa aiki a Sharada, shi ya sa kullum yake fita da fulas cike da ƙanƙara don ya ba shi karin kumallo. Wata tsohuwa ma ta rantse ta ji aljanin yana tari a cikin keke napep. To, ƙarya ce. Na san inda ta samo asali, don ni na fara ta a wajen sunan ɗiyar maƙwabciyarmu Rakiya.

Gaskiyar ita ce, Uwaisu sanyi yake aunawa. A kamfanin roba da yake aiki, inda ake buga bokiti da buta, akwai injin da ke sanyaya ruwa yana turawa cikin bututu don robar da aka narka ta huce. A jikin bututun akwai mita mai wayoyi biyu masu jin zafi, ɗaya a hanyar tafiya, ɗaya a hanyar dawowa. Ruwa ya tafi a digiri bakwai, ya dawo a sha biyu, sai mita ta ɗauki biyar ɗin da ke tsakani ta ninka da yawan ruwan da ya wuce. Sau ɗari ya yi min wannan bayani, yau ne kawai ya zauna min a kai.

Tun yana yaro haka yake. Kunu ma sai ya tsoma yatsa sau uku kafin ya kurɓa.

Bara aka ɗaura sabuwar mita, ta yi sati ba ta motsa daga sifili ba. Manaja ya kira Baba Elisha, mutumin Kachia da ya shekara goma sha tara yana kula da injin, ya ce: "Ga shaida nan. Wuta kawai injinka ke sha. Zuwa Juma'a in bai gyaru ba, ka nemi wani wurin."

Dattijon ya dafa bututu, sanyi na cizon hannunsa. "Ranka ya daɗe, ku taɓa mana."

"Ba hannu na saya ba, mita na saya."

Ranar Alhamis Uwaisu ya dawo daga hutu, ya tarar da Baba Elisha ya fara ɗaure kayansa a leda. Ya ce, "Baba, ku ajiye ledar nan tukuna." Ya zare wayoyin biyu, ya tsoma a fulas ɗin ƙanƙara. Duka suka nuna sifili, wato lafiyarsu ƙalau. Amfanin ƙanƙarar ke nan, ku gaya wa tsohuwar can. Sai ya shiga latsa maɓallai, gumi na zuba kamar an buɗe dam ɗin Challawa. Can ya kwashe da dariya.

Ashe mitar daga ƙasar turawa ta zo, inda ruwan zafi ake turawa gidaje. Wanda ya ɗaura ta bai canza ba, ya bar ta tana jiran ruwa ya tafi da zafi ya dawo da sanyi. Da ta ga akasin haka sai ta kame bakinta. Uwaisu ya mayar da ita kan lissafin sanyi, ya gaya mata a wane bututu take zaune. Kafin manaja ya gama goge tabarau, lamba ta soma tafiya.

Baba Elisha yana nan har yau. Da Kirsimeti ya aiko wa Uwaisu buhun citta da zabi biyu, ni kuwa na je taya ci, don ba a bar zumunci.

Ina tsotsar ƙashi na ce, "Bawana, duk karatun nan a fulas ya ƙare? Ni ma auna ni mana."

Bai ko ɗago kai ba. "Ai na daɗe da auna ka. Abin da ya shiga kunnenka na dama, haka yake fita ta hagu, babu bambanci ko digiri ɗaya. Kai ne injin da manaja yake nema, mai ci babu aiki. Ajiye cinyar nan."