Zabuwar Kaka Mai 'Ya'ya Tara

Shekarar da aka sa ni lakkwal, wato makarantar boko, a garin Tawa, ba wanda ya sha wahalata kamar mutanen gidanmu. Na koyi ƙirga, sai na bi komai ina ƙirgawa: awaki, ƙwarya, har haƙoran ƙanena. Da wannan rawar kai na tafi Barmu hutu, wajen Kaka Hajo, uwar babana.

Lokacin sanyi ne, an gama zuba hatsi a rumbu. Da an idar da magariba Kaka takan hura wuta da karan gero a ƙofar ɗakinta, ta binne gujiya cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Muryarta ƙasa-ƙasa take, sai ka matso sosai kake ji. Ran nan ta ce, "Ga wata nan tahe gare ku." Muka ce ta iso mu ji ta.

Labarin wata zabuwa ce da ta ƙyanƙyashe 'ya'ya tara a gindin sabara. Shirwa ta sure ɗaya. Bushiya ta zo gaisuwa, ta tambaye ta 'ya'yanta nawa, zabuwa ta ce tara. Ruwa ya ci biyu, muzuru ya ɗauke ɗaya, ɗaya kuma ya kwanta bai tashi ba. Duk ranar da bushiya ta tambaya, amsar ba ta sakewa: tara.

Ni kuwa ina gefe ina ta lanƙwasa yatsu. Na kasa haƙuri, na miƙe tsaye.

"Kaka, zabuwar nan wawuya ce! Huɗu suka rage. Mushe, malaminmu, ya koya mana, tara a ɗebe biyar saura huɗu. Ke ma ashe ba ki iya lissafi ba!"

Yara suka fashe da dariya, na ji kaina ya ƙara girma. Wasa tsakanin jika da kaka ba laifi ba ne, don haka na tsaya jiran ta rama, ta kira ni mai kan tulu kamar yadda ta saba. Ba ta rama ba. Ta daɗe tana tona toka da tsinke, sannan ta ce, "Mushenku ya yi gaskiya, Hadiza. Amma zabuwa ita tak kwanta bisa ƙwai. Ɗiyanta tara na."

Ta raba mana gujiya, ta ba ni mai yawa kamar kullum, ta ce sanyi ya sauko, kowa ya shiga ɗaki. Tatsuniyar ba ta kai ƙarshe ba.

Muna shiga Inna, mahaifiyata da muka zo hutun tare, ta kama kunnena ta murɗe. "Ke, kin san haihuwar tsohuwar ga nawa?" Na ƙirga Baba, da Baffa, da gwaggonnina biyu, na ce huɗu, har da ɗaga yatsu. Inna ta ce, "Tara. Biyar na kwance bayan gari. Babanku shi na na bakwai."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Da safe na durƙusa gaishe ta, na kasa ɗaga ido. Na yi niyyar ba ta haƙuri, kullum ina cewa gobe, har hutu ya ƙare. Ta ci gaba da yi mana tatsuniyoyi shekaru, amma zabuwa ba ta sake fitowa daga bakinta ba. Ina kwaleji Allah ya yi mata rasuwa. Har yau ban san yadda labarin ya ƙare ba, kuma ni na jawo.

Yanzu ni ungozoma ce a asibiti, nan Tawa. Takardar da muke cikewa gurbi biyu gare ta: haihuwa nawa, masu rai nawa. Kwanan baya wata mata ta zo awo daga Kalfu. Na tambaye ta 'ya'yanta, ta ce shida. 'Yar rakiyarta ta yi caraf ta ce, "A'a Madam, biyu dai na." Matar ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta.

Na rubuta shida, na karanta mata da ƙarfi don ta ji. Gurbi na biyu kuwa, sai da ta fita na cike shi.